Fasaha a Sauƙaƙe: Yadda tsohuwar rauta za ta kai Intanet har ɗakin karatunku

 

Matsalar da za mu duba yau sananniya ce a gidajen da ake da na’urar rarraba Intanet, wadda aka fi sani da rauta. A falo sabis cike yake, amma da zarar an shiga shagon samari ko ɗakin ’yan mata da ke can ƙuryar gida, sai ya koma sanda ɗaya, ko ma ya ɓace ɗungurungum. Ɗalibin da ke son kallon darasin Lissafi dole ya dawo falo ya zauna tsakanin ƙarar talabijin da hayaniyar ƙanne, ko ya tsaya jikin taga sauro na cizonsa. Tun da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta a 2015, gwajin tambayoyi a waya ko kwamfuta ya zama wani ɓangare na shiri. Wanda ba shi da wurin da zai natsu ya yi wannan gwaji, an bar shi a baya.

A irin waɗannan gidaje, sau da yawa akwai wata tsohuwar rauta a cikin durowa, wadda aka jingine saboda an sauya kamfani ko an sayi sabuwa. Hausawa na cewa da tsohuwar zuma ake magani. Wannan akwatin da ƙura ta rufe zai iya kai sabis ɗin ɗakin da ba ya kaiwa, kuma abin da za a saya bai wuce wayar kebul ba.

Amma kafin komai, a nemi izinin Baba ko Mama, ko Yayan da yake biyan kuɗin data. Rautar da gida yake amfani da ita ba abin gwaji ba ce. Kamar yadda za ku gani, kusan duk aikin a kan tsohuwar za mu yi shi. Babbar kuwa leƙa ta kawai za mu yi.

Me ke cinye sabis a cikin gida?

Wi-Fi rediyo ne. Rauta ƙaramar tashar rediyo ce, wayarku ma haka, kowacce tana aikawa tana karɓa. A 1997 aka fitar da ƙa’idar farko ta wannan fasaha, mai lamba 802.11, sunan Wi-Fi kuma ya biyo baya a 1999. Rautocin gida suna aiki a zango biyu. Akwai na 2.4GHz, wato siginar da ke kaɗawa sau biliyan 2.4 a daƙiƙa ɗaya, akwai kuma na 5GHz. Na biyun ya fi sauri, amma na farkon ya fi nisan tafiya, ya fi kuma iya ratsa bango. Galibin tsofaffin rautoci na farkon kaɗai suke da shi.

Abu na farko da ke raunana sigina shi ne nisa. ’Yan ajin kimiyya za su tuna da wannan doka a darasin Fiziks: a fili fetal, idan nisa ya ninka biyu, ƙarfin da ya iso yakan koma kashi ɗaya bisa huɗu. Ke nan abin da waya take samu a nisan mita 10 rubu’in abin da take samu ne a mita 5. Kamar fitila ce a tsakar gida: kusa da ita ana iya karatu, can bakin zaure kuwa sai dai a ga inuwar mutum.

Abu na biyu shi ne abin da ke kan hanya. Bangon bulo da siminti yana shanye sigina, balle dakin da aka zuba wa rodi. Ginin ƙasa mai kauri shi ma ba ya barin ta ta wuce salin-alin. Ƙarfe ya fi kowa: ƙofar ƙarfe, kwanon rufi, firji, duk suna mayar da ita baya. Ruwa ma yana shanye ta, don haka tankin ruwa a tsakanin ɗakuna biyu katanga ce.

Abu na uku shi ne wanda aka fi mantawa. Hira ce ake yi tsakanin rauta da waya, ba shela ba. Ko da rauta tana da murya mai ƙarfi har waya ta ji ta, sai ita ma wayar ta mayar da amsa an ji. Waya kuwa eriyarta ƙarama ce, kuma tana tattalin batir. Shi ya sa wani lokaci za a ga sanda biyu amma shafi ya ƙi buɗewa. Maganin da ya fi shi ne a kawo wa wayar wata tasha kusa da ita.

Wani zai ce, me zai hana a ɗauke babbar rautar a kai ta tsakiyar gida a ɗora a sama? A fara gwada hakan, domin kyauta ne, kuma yakan wadatar a ƙaramin gida. Sai dai mafi yawan rautocinmu masu layin SIM ne, dole a ajiye su inda sabis ɗin kamfanin waya ya fi ƙarfi, galibi jikin wata taga. Inda ya dace da kamfani ba lallai ya dace da ɗakin karatu ba. A nan rauta ta biyu take da rana.

Akwati ɗaya, aiki uku

Wanda ya fahimci wannan sashe, sauran aikin wasa ne a wurinsa. Rauta tana yin aiki uku a lokaci guda. Na ɗaya, ita ce shugabar gida: ita ce ƙofar fita zuwa Intanet, ita take kuma ba kowace na’ura adireshi. Na biyu, tana haɗa na’urori ta ramukan da ke bayanta, waɗanda aka rubuta wa LAN. Na uku, tana watsa Wi-Fi. Daga tsohuwar rauta aiki na biyu da na uku muke so. Na farko dole ta ajiye shi.

Ga dalili. Kowace waya ko kwamfuta da ta shiga Wi-Fi sai an ba ta adireshi, wanda ake kira adireshin IP. Lambobi ne rukuni huɗu da ɗigo a tsakaninsu, kamar 192.168.8.105, kowane rukuni daga 0 zuwa 255. A tsarin gida, rukuni uku na farko tamkar sunan unguwa ne, na ƙarshen kuma lambar gida. Sashen da ke raba waɗannan lambobi a cikin rauta sunansa DHCP. Ban da lamba, yana gaya wa kowace na’ura ta wace ƙofa za ta fita zuwa Intanet.

Ku ɗauka ɗakin jarrabawa ne, malami ɗaya yana tsaye a ƙofa yana ba kowa lambar kujera. Komai zai tafi daidai. To, sai ga malami na biyu da nasa jerin, bai san abin da na farko ya rubuta ba, shi ma yana rabawa. Ɗalibai biyu za su tarar an ba su kujera ɗaya, wasu kuma a tura su wani ɗakin da babu takardar tambaya. Haka take faruwa idan aka haɗa rautoci biyu kowacce DHCP ɗinta a kunne. Wayar da tsohuwar ta riga amsa wa za a ce mata “ta wurina ake fita,” alhali tsohuwar ba ta da hanyar waje. Sai waya ta nuna ta shiga Wi-Fi amma babu Intanet. Abin takaicin ma, yau ya yi aiki gobe ya ƙi, ya danganta da wadda ta riga amsawa. Ba a sarki biyu a gari ɗaya. Wannan shi ne sirrin aikin duka.

Kayan da ake buƙata

Na farko, tsohuwar rautar, kuma a duba bayanta a tabbata tana da ramin LAN ko da ɗaya ne. Ita ma babbar haka. ’Yar ƙaramar nan ta aljihu da ake kira MiFi yawanci ba ta da wannan rami, don haka hanyar kebul ba za ta yiwu da ita ba.

Na biyu, adaftarta ta wuta. A nan a yi hattara. A ƙarƙashin kowace rauta akwai takarda da aka rubuta irin wutar da take so, misali 12V 1A, ko 9V, ko 5V. Lambar da ke gaban V dole ta zo daidai da ta jikin adafta. Ta gaban A kuwa, ta adafta za ta iya zama daidai ko ta fi, amma kada ta gaza. Don bakin adafta ya shiga rami ba shi ne shaidar ta dace ba. Sanya adaftar 12V a rautar 5V na iya ƙona ta nan take. Idan ta asalin ta ɓata, a ɗauki rautar a kai wa mai sayarwa ya karanta da kansa.

Na uku, wayar kebul ta sadarwa, wadda aka rubuta Cat5e ko Cat6 a jikinta. A cikinta akwai siraran wayoyi takwas da aka murɗe bibbiyu. Ƙa’idarta kada tsawonta ya wuce mita 100, wanda ya ishi kowane gida. A auna hanyar da za ta bi da igiya, har da kwana-kwana, a ƙara mita biyu ko uku. Ana samun ta a shagunan kayan kwamfuta, irin na Titin Beirut a Kano. A ce mai shago ya matse mata kawuna biyu, ya kuma gwada ta a gabanku. A nemi wata gajeriya ta mita ɗaya don saiti.

Na huɗu, kwamfutar tafi-da-gidanka, ko waya idan babu. Na biyar, biro da littafi. Duk abin da kuka sauya ku rubuta shi.

Mataki-mataki

1. A leƙa babbar rauta. A ƙarƙashinta akwai adireshinta da sunan shiga. Wasu 192.168.0.1 ne, wasu 192.168.1.1, wasu 192.168.8.1. A rubuta adireshin a burauza, a inda ake rubuta sunan shafi, tare da wanda ya san kalmar sirrin. A shiga sashen DHCP a ga daga ina zuwa ina take raba lambobi. A misalinmu, adireshinta 192.168.8.1, tana rabawa daga 100 zuwa 200. A duba kuma lambar tashar da Wi-Fi ɗinta yake kai. A rubuta, a fito, ba tare da an sauya komai ba.

2. A wanke tsohuwar. A kunna ta ita kaɗai, ba a haɗa ta da babbar ba tukuna. A bayanta akwai ɗan ƙaramin rami da aka rubuta wa Reset. A sa tsinke a danna a riƙe kamar daƙiƙa 10, har fitilunta su ɗauke su dawo. Yanzu ta manta duk saitin da, ta koma yadda ta fito daga kamfani.

3. A shiga cikinta. A haɗa kwamfuta da ɗaya daga ramukan LAN da gajeriyar waya, ko a shiga Wi-Fi ɗinta da sunan da ke takardar ƙarƙashinta. Mai amfani da waya ya kashe datarsa, don kada wayar ta gudu ta koma kan layinta. A rubuta adireshinta a burauza. Sunan shiga da kalmar sirri suna jikin takardar, sau da yawa admin ne duka biyun.

4. A sauya kalmar sirrin shiga saiti nan take. Wannan daban take da ta Wi-Fi. Ta Wi-Fi mabuɗin ƙofar gida ce, wannan kuwa mabuɗin ɗakin maigida.

5. A saita Wi-Fi. A ba shi suna a gurbin da aka rubuta SSID. Da farko a sa suna daban da na babbar, don a san wacce ake gwadawa. A wajen tsaro a zaɓi WPA2, a sa kalmar sirri mai tsawo. Sai tasha: a zangon 2.4GHz, tashoshi 1 da 6 da 11 su ne ba sa shiga juna. Idan babbar tana kan 1, a ɗora tsohuwar a 6 ko 11.

6. A ba ta sabon adireshi. A sashen LAN, a sauya adireshinta ya zama unguwa ɗaya da babbar, da lambar gidan da ba ta cikin waɗanda ake rabawa. A misalinmu 192.168.8.2 ya yi, tunda 1 na babbar ne, rabo kuma daga 100 yake farawa. Idan aka adana za ta mutu ta taso. A sake shiga da sabon adireshin.

7. A kashe DHCP ɗinta, a adana. Mun bar wannan a ƙarshe da gangan, domin da zarar an kashe shi ba za ta ƙara ba kwamfutarku adireshi ba, shiga cikinta zai yi wuya har sai an haɗa ta da babbar.

8. A haɗa su. Kai ɗaya na kebul a ramin LAN na babbar, ɗayan a ramin LAN na tsohuwar. Ramin nan mai launi daban da aka rubuta wa WAN a bar shi fayau. A fara gwadawa da gajeriyar waya a ɗaki ɗaya. Idan shafi ya buɗe ta sabon sunan, sai a ja doguwar.

Wasu rautocin sun sauƙaƙa abin. A cikin saitinsu akwai inda ake zaɓar irin aikin da za su yi, da zaɓin da aka rubuta AP. Idan taku tana da shi, zaɓar sa yana yin mataki na 6 da na 7 da kansa, kuma a irin wannan hali yawanci ramin WAN ake sa kebul ɗin. A bi abin da shafin ya nuna.

Bayan komai ya daidaita, za a iya mayar da suna da kalmar sirrin tsohuwar su zama iri ɗaya sak da na babbar. Waya za ta riƙa sauyawa da kanta idan an tashi daga falo zuwa ɗaki. Wani lokaci takan manne wa ta nesa. Idan haka ta faru, a kashe Wi-Fi a sake kunnawa.

Jan waya da wurin ajiya

A ɗora rautar a sama, kan kabad ko jikin bango, a sarari, nesa da ƙarfe da zafin rana. Kebul ɗin kada ya bi tare da wayar lantarki, kada a lanƙwasa shi sosai, kada kuma ƙofa ta riƙa matse shi. Idan zai ratsa tsakar gida, a zura shi cikin bututun roba irin na masu aikin wuta, domin rana da ruwa da ɓera duk abokan gabarsa ne. Kada a rataya shi a sama daga rufi zuwa rufi. Da damina, in hadari ya taso ana tsawa, a zare shi daga rautocin biyu. Duk abin da ya shafi huda bango ko taɓa soket, aikin babba ne ko mai gyaran wuta.

A tuna ita ma tsohuwar tana buƙatar lantarki. Ba ta da ci, wutar da take ja ba ta fi ta ƙwan fitila ɗaya na zamani ba, don haka ƙaramar sola tana ɗaukar ta. Amma in an ɗauke wuta a ɗakin da take, sabis ɗinta ya tafi, ko da babbar tana aiki da batir.

In babu halin jan waya fa?

Wasu rautoci suna iya kama Wi-Fi na babbar ta iska su maimaita shi, kamar mai jan baki a bayan liman a babban masallaci. Ana kiran wannan aiki rifita, a wasu kuma za a ga an rubuta WDS. Ba kowace rauta take da shi ba, kuma WDS yakan ƙi aiki tsakanin rautocin kamfanoni daban-daban.

Abu biyu za a sani game da shi. Na farko, mai maimaitawa abin da ya ji kaɗai yake faɗa. Idan aka kai ta ɗakin da sabis ya riga ya mutu, babu abin da za ta maimaita. A ajiye ta a tsakiyar hanya, inda sigina take da sauran ƙarfi. Na biyu, rediyo ɗaya take da shi, da shi take saurare da shi take magana, ba ta kuma iya yin duka biyun a lokaci ɗaya. Saboda haka sauri yakan ragu da kusan rabi. Ya isa karanta shafi da aika saƙo, amma kebul ya fi shi nesa ba kusa ba.

Idan ta ƙi aiki

Waya ta shiga Wi-Fi amma babu Intanet? A duba ko an manta DHCP a kunne, ko an sa kebul a ramin WAN. Waya ta tsaya tana ta neman adireshi? Saƙon babbar ba ya isowa, a duba fitilar LAN a rautocin biyu. In ba ta kama ba, kan kebul ɗin ne bai matsu ba. Intanet ya rikice a gidan gaba ɗaya? Wataƙila rautocin biyu adireshi ɗaya suke amsawa. A zare kebul, komai zai koma yadda yake. An kasa shiga saitin tsohuwar? A koma wa tsinke, a fara daga mataki na 2. Babu abin da ya lalace. Wasu rautocin da kamfanonin waya suke sayarwa an rufe wasu sassan saitinsu. In taku ba ta bari a kashe DHCP, a sa kebul a ramin WAN idan tana da shi, a bar ta da unguwarta daban da ta babbar. Za a samu Intanet, sai dai na’urorin ɓangarorin biyu ba za su ga juna yadda ya kamata ba.

Sabuwar ƙofa, sabon kwaɗo

Duk wanda ya ƙara wa gida ƙofa, ya ƙara wa kansa aikin kullewa. Siginar da ta kai shagon samari ta kai majalisar ƙofar gida, ta kuma tsallaka katangar maƙwabta. Layin da ke cikin babbar rauta an yi masa rajista da sunan wani a gidanku, an haɗa shi da lambarsa ta NIN. Duk wanda ya shiga Wi-Fi ɗinku ya yi damfara ko ya aika abin da bai dace ba, sawun zai biyo ta kan wannan layi ne.

Don haka a duba irin tsaron da tsohuwar take da shi. Idan WEP kaɗai ta sani, a haƙura da ita, domin tun 2001 masana suka gano raunin wannan tsari, kuma fasa shi ba ya ɗaukar lokaci. WPA2 ya fito a 2004, WPA3 kuma a 2018. Kalmar sirrin WPA2 tana ɗaukar harafi 8 zuwa 63. Kada a tsaya a takwas, kada a sa lambar waya ko sunan gida ko ranar haihuwa. A haɗa kalmomi huɗu da ba su da alaƙa da juna, a cuɗa da lambobi. A kashe WPS, wanda aka bayyana rauninsa a ƙarshen 2011.

Game da mataki na 4, ga abin da ya sa muka nace. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta riƙa yawo a Intanet tana gwada sunaye da kalmomin sirri kimanin 60 na kamfani, irin waɗanda mutane ba sa sauyawa. Da wannan kaɗai ta mamaye dubban ɗaruruwan kyamarori da rautoci. A watan Oktoba na shekarar aka yi amfani da su aka kai hari kan kamfanin Dyn na Amurka, manyan shafuka irin su Twitter da Netflix suka ƙi buɗe wa jama’a da dama na tsawon sa’o’i. Masu na’urorin ba su ma san da su aka yi aikin ba.

Sai maganar data, wadda ita ce za ta iya haɗa ku da iyaye. Rauta ta biyu ba ta ƙara data, ba ta kuma ƙara saurin da kamfani yake bayarwa. Tulu ɗaya ne aka ƙara masa moɗa. Wayoyi da yawa da sun ga Wi-Fi sai su ɗauka kyauta ne, su shiga sabunta manhajoji da kwashe hotuna zuwa ma’ajiya ba tare da tambaya ba. A shiga saitin kowace waya a hana wannan. A rage ingancin hoton bidiyo idan darasi ake kallo, allo da muryar malami ake bukata. Kuma a cika alƙawari: idan don karatu aka nemi izini, kada ɗakin ya koma gidan kallo har ƙarfe biyun dare. In datar wata guda ta ƙare a mako biyu, kebul ɗinku za a fara zarewa, kuma da gaskiyar mai zarewa.

Aikin gida

Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya nuna cewa a 2022 duniya ta zubar da tarkacen kayan lantarki tan miliyan 62, kuma kimanin kashi 22 cikin 100 kaɗai aka tattara aka sarrafa bisa ƙa’ida. Rautar da kuka tayar ta fita daga wannan lissafi. Wanda babu rauta a gidansu kada ya ga an ware shi. Ya kai wannan shafi wa malamin kwamfuta ko kulob ɗin JETS na makaranta a gwada tare, domin aikin da ake yi a ofisoshi da cibiyoyin jarrabawa tushensa ke nan, girma kawai ya bambanta.

Ga aikin mako. Na ɗaya, ku zana taswirar gidanku, ku rubuta yawan sandunan Wi-Fi a kowane ɗaki, ku gano abin da ya tsaya tsakanin rauta da ɗakin da ya fi rauni. Na biyu, babbar rauta tana 192.168.1.1, tana raba lambobi daga 2 zuwa 199. Wane adireshi za ku ba tsohuwar, kuma me ya sa? Na uku, ga ’yan kimiyya: siginar rediyo tana gudun mita miliyan 300 a daƙiƙa ɗaya. Ku raba wannan da biliyan 2.4, ku gaya mana tsawon kowace igiya da santimita, sannan ku yi haka da biliyan 5.

Ku aiko da amsoshinku tare da sunan makaranta da aji. Za mu kawo sunayen waɗanda suka dace a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.